Tabon Shuni a Fuskar Shafkat

Fazal Dad maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a bayan kasuwar ƙarfe ta Gujrat, kuma benci ɗaya muka zauna a masana'antar fanka tun gashinmu yana baƙi. Ni ina ɗaura fukafukai, shi yana naɗa jar waya a cikin injin. Daga wani ƙauye na bakin kogin Chenab ya zo yana saurayi, shekarar da ambaliya ta cinye gonar ubansa, ya koyi naɗi a tsaye, bai sake wata sana'a ba. Mutum ne da magana ke yi wa wuya. In ka ce masa, "Fazal, ka kwana lafiya?" sai ya yi tunani kafin ya amsa, kai ka ce a gaban alƙali yake. Na sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da juya wayarsa.

'Ya'yansa biyu da matarsa Rasulan: Kausar, sai ƙaninta Shafkat. Duk maganar da uban ya ƙi yi a rayuwarsa, ɗan ne ya yi ta. Yaro ne mai surutu da son kiɗa. Ya samo wata katuwar sifika ta tsohuwar mota ya ɗaure ta a bakin tulu, yadda samarin unguwarmu ke yi don sauti ya yi kauri, ya kai ta saman soro. In ya kunna, kwanukan matata sai sun yi rawa a kantar ɗakinmu. Na zage shi ta kan katanga ba adadi, kullum amsarsa ɗaya: "Kawu Gulzar, kyauta fa kake sha!"

Wannan lokacin ne ciwon tafiya ƙasar Girka ya kama samarin garinmu. Kowane gida akwai wanda ya tafi ko wanda ke shirin tafiya. Shafkat ya tsaya kai da fata, uwarsa ta yi kuka har ta gaji ta koma bayansa, Fazal ya sayar da ɗan filin da ya rage masa a ƙauye ya miƙa wa dillalin tafiya. Yaron ya bugo waya sau ɗaya daga Turkiyya, ta wayar kantin magani na bakin titinmu, ya ce gobe za su shiga jirgin ruwa, a yi musu addu'a. Daga nan shiru. Dillalin ya rufe ofis. Shekara ta juyo, ta sake juyowa, babu wasiƙa, babu gawa, babu wanda zai ce ya gan shi.

Hotunansa na girma duk dillalin ya karɓe don takardu. Abin da ya rage a gidan shi ne kaset ɗin bidiyo na bikin Kausar, kwafi ɗaya tal, domin mai ɗaukar bidiyon shi ma ya bi sahun Girka. Mijin Kausar da ke aiki a Kuwait ya bar musu talabijin mai kala da na'urar bidiyo. A cikin kaset ɗin akwai wurin da Shafkat ke shigowa daga gefen hagu, faranti cike da shinkafa a kafaɗarsa, ya tsaya can sama a kusurwa, ya juyo ya yi dariya, ya faɗi wata magana da ganguna suka danne. Rasulan kullum bayan Azahar sai ta kunna wannan wurin. Tana yi masa magana, tana ba shi labarin unguwa, tana yi masa faɗan ya rame. Babu wanda ya hana ta, don bayan ta gama takan tashi ta ɗora tukunya kamar kowace mace.

Wata rana ta hau soro ta sauko da tulun nan mai sifika, ta goge shi tas, ta ajiye shi a kan kantar ɗaki, jikin talabijin ta hagu. Ta ce wa matata, "Ga kayansa kusa da shi, ya daina kewa." Mun ji, mun girgiza kai, mun wuce.

Ba a jima ba tabo ya fito a wannan kusurwar. Shuɗi mai duhu kamar an ɗiga shuni, gefensa kore-kore. In Shafkat ya shigo da farantinsa lafiya lau yake, da zarar ya tsaya ya juyo sai fuskarsa ta rine, leɓɓansa su yi baƙi. Matan unguwa suka taru kallo. Cikinsu akwai Gwaggo Hajran, tsohuwar da bakinta bai taɓa sanin birki ba, wadda kogi ya ci ƙaninta tun tana budurwa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Allah, haka fuskar namu ta yi ranar da aka tsamo shi." Har yau in na tuna wannan tsohuwa raina ɓaci yake. Ta faɗi maganarta ta koma gida ta ci tuwonta, ta bar mana gobara.

Daga ranar Rasulan ta daina cin abinci. Ba yaji ta yi ba, ba fushi ba, abincin ne ya ƙi wucewa. A kawo gurasa da zafinta, ta gutsura, ta riƙe a hannu har ta bushe. Shayi kaɗai take kurɓa. Mace mai jiki, cikin ɗan lokaci awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Fazal ya yi maganar da bai taɓa yi ba tsawon aurensu. Ina zaune ya kunna labarai ya nuna mata.

"Maman Shafkat, dubi nan. Ga taswirar da ke bayan mai labarai, ita ma ta yi shuɗi a wurin. Taswira ma ruwa ya ci ta? Akwatin ne ya lalace."

"To me ya sa bai lalace a dama ba?" in ji ta. "Me ya sa sai wurin da ɗana ke tsayawa?"

"Mu kai kaset ɗin gidan Gulzar ki gani."

"Tasu mai baƙi da fari ce, me za ta nuna? Kuma ba mai fitar min da yaro daga gidan nan. Sau ɗaya na bari aka fitar da shi."

Fazal ya kashe talabijin. Ni kuma na tashi na fita. Bayan wannan ta daina kunna kaset ɗin gaba ɗaya, ta kwanta a gadon igiya ta juya wa ɗakin baya. An kawo likita ya yi mata ƙarin ruwa, ya ce jikinta lafiya, in dai za ta ci. Ya ja Fazal gefe ya ce in ba ta ci ba, shi ba shi da sauran dabara.

Washegari muka tashi daga aiki muka nufi layin masu gyara, shagon Ustaz Parwez. Saurayi ne mai ƙiba, sigari a bayan kunne, talabijin buɗaɗɗu jibge har rufi. Fazal ya fara bayani yana in'ina, na karɓe.

Parwez ya ce, "Shuɗi da kore a kusurwa ɗaya? Kawu, wannan ai ciwon kowace rana ne. Mayen ƙarfe ne. Bayan gilashin nan akwai wata siririyar rariyar ƙarfe, ta cikin hujojinta haske ke bi, ja ya sauka a gurbin ja, kore a gurbin kore. In mayen ƙarfe ya kusance ta sai ya karkatar da hasken, ja ya faɗa gidan shuɗi. Me kuka ajiye kusa da ita? Rediyo? Injin fanka? Ko maƙwabci yana walda? Wani ma juya akwatin kawai zai yi daga gabas zuwa kudu kala ta canza, don ƙasar da muke takawa ita ma tana da nata jan."

Na dubi Fazal, ya dube ni. Na ce, "Tulu."

"Tulu kuma? Na ruwa?"

"Mai sifika a baki."

Parwez ya tuntsire da dariya har sigarin ya faɗo. "Sifikar mota, da ƙaton mayen ƙarfen nan na bayanta, a jikin talabijin! Ai gara ku ɗaure mata jaki. Ku je ku ɗauke, ku kashe akwatin ya huce sosai, ku sake kunnawa. Akwai zoben waya a cikinsa da ke wanke tabon da kansa duk lokacin da aka kunna."

Ranar na ga Fazal yana sauri a titi, abin da ban taɓa gani ba. Ya shiga ya rungumi tulun zai fita da shi, Rasulan ta yunƙura daga gado ta riƙe masa riga, da wane ƙarfi ban sani ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, shi ne ke ɓata masa fuska." Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya yana hawaye, ya kai tulun soro. Muka jira akwatin ya huce, muka kunna. Tabon yana nan daram.

Rasulan ta ce, "Ka raba shi da kayansa a banza." Ta sake juya baya.

A makon nan ne ta sa matata ta raka ta wurin wani malami da ke zama a hubbaren bayan gari, a keken doki, ana tallafe da ita. Mu maza abin da muka gani kawai shi ne, bayan sun dawo, wani ƙunshi ya bayyana a saman talabijin, girman littafi, a naɗe cikin koren ƙyalle mai zaren zinariya, turare na ci a gefensa. Fazal ya tambaya, ta ce malam ya ce kada a ɗaga shi sai buƙata ta biya.

Muka koma wa Parwez. Ya sosa ƙeya ya ce, "To ɗan abin da ke ba zoben ciki wuta ya mutu, wannan wutar tamu mai hawa da sauka ba ta barin komai. Irin na akwatinku kuwa sai an aika Lahore. Rariyar ta riga ta sha, yanzu ita kanta ta zama mayen ƙarfe. Sai an wanke ta daga waje da babban zobe na hannu. Nawa ya ƙone, na ba da a naɗa min, har yau ina jira."

Fazal ya ce, "Yaya ake naɗa shi?"

"Kawu, ba aikin..."

Na ce, "Kai, rufe mana baki. Fankar da ke kanka ma wataƙila shi ya naɗa ta kana cikin zani."

Parwez ya kwatanta masa faɗin zoben da kaurin wayar, ya ce matsakaici ya isa. Fazal bai ji wannan kalmar ta ƙarshe ba, ko ya ji ya ƙi. Ya roƙi mai masana'anta jar waya sabuwa, ya zauna a tsakar gida bayan La'asar yana naɗawa a jikin bakin bokiti, yana leƙa ɗakin da matarsa ke kwance. Na ce, "Fazal, ya isa haka, ba jirgin ƙasa za ka ja ba." Ya ce, "Ba na son a ce a sake dawowa. Ba ta da kwanakin jira." Zoben da ya fito sai da hannu biyu ake ɗaga shi.

Ranar Juma'a da hantsi, da yake babu aiki kuma akwai wuta, Parwez ya zo. Baƙon namiji zai shiga har ɗaki, don haka mata suka tallafi Rasulan suka kai ta gidana, kamar yadda aka saba. Muka rage mu uku.

Parwez ya jinjina zoben ya yi fito. "Kawu, wannan ai zai cire wa mutum haƙorin ƙarfe. To, agogo, kaset, duk abin da ke da faifai a ciki, a fitar da shi nesa. Wannan abu ba ya tambaya, shafewa yake."

Muka kwance agogunanmu. Fazal ya kwashe kaset-kaset ɗin karatu da na waƙa, ya zare na'urar bidiyo, ya leƙa bakinta ya ga babu komai, ya kai tsakar gida. Na ce, "Na bikin fa?" Ya ce, "Yana akwatin ƙarfenta a ɗaya ɗakin, can take ajiye shi ƙarƙashin barguna."

Saura koren ƙunshin. Parwez ya kai hannu, ya janye. "Kawu, ba ni da alwala."

"An ce ma kada a ɗaga," in ji Fazal.

"To bar shi. Takarda da tawada ba ruwan mayen ƙarfe da su. Ayar Allah ce, ta taya mu aiki."

Ya kunna talabijin, ya jona zoben a wutar lantarki. Wani gurnani ya cika ɗakin, ƙusoshin jikin kanta suna kaɗawa. Hoton ya narke, launuka suna juyawa suna bin hannunsa. Ya zagaya gaban gilashin, ya bi gefe, ya bi ta sama, zoben yana gogar koren ƙyallen. Fazal yana bayansa yana cewa, "Nan, nan kusurwar, ƙara. Ta sama ma, ƙara." Parwez ya ƙara, ya sake ƙarawa. Sannan ya fara ja da baya a hankali yana juya zoben, har ya kai bakin ƙofa, ya ce in zare wayar.

Tabon ya tafi. Wata mata ce ke koyar da girki a lokacin, tumatirinta ja, ganyenta kore, har can kusurwar hagu fari fari ne. Fazal ya matsa ya shafa gilashin da tafin hannu. Ya juyo ya rungume Parwez, yaron da a haife ya haife shi, yana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ni kaina sai da na share ido. Na ji daɗin da ban ji irinsa ba tun tafiyar yaron.

Parwez ya fita ƙofar gida na kai masa shayi, aka mayar da na'urar bidiyo, aka shigo da Rasulan. Ta tsaya a tsakanin mata biyu tana duban kusurwar nan, ta daɗe. Fazal ya ce, "Kin gani? Akwatin ne. Na gaya miki akwatin ne. Bari in ɗauko kaset ɗin ki ga ɗanki, sannan ki ci abinci."

Ta ce, "Ba sai ka je ko'ina ba." A karo na farko cikin makonni na ji rai a muryarta. Ta taka da ƙafarta har gaban talabijin, ta yi bisimilla, ta sauke koren ƙunshin, ta sumbace shi, ta kwance. 'Yar laya ce a sama, kamar ɗan yatsa. Ƙarƙashinta kaset ɗin biki. Malamin ya ce mata ta haɗa layar da abin da ya fi kusa da yaron, ta naɗe, ta ɗora a inda cutar ta bayyana.

Na dubi Fazal. Jinin fuskarsa ya janye. Ya karɓi kaset ɗin, ya tura shi a bakin na'urar. Na fita da sauri na gaya wa Parwez. Ya ajiye kofin a ƙasa ya ce, "Innalillahi. Kawu, a kansa na yi ta wucewa." Na ce ko akwai dabara. Ya girgiza kai.

Da na dawo kaset ɗin yana tafiya. Tsaki-tsaki fari da baƙi ne ke tafasa a gilashin, layuka suna gudu sama. Ganguna su taso su nutse cikin shuuu. Can wata inuwa ta gifta, ba ka ce mutum ba ne ko labule. Fazal ya mayar baya, ya sake. Ya tura gaba, ya dawo. Ya cire ya hura, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Yana ta cewa, "Yanzu zai fito, kan na'urar ne ya yi datti, yanzu zai fito." Babu wanda ya iya ce masa ya bari.

Rasulan ce ta ce, "Baban Shafkat, kashe."

Bai kashe ba. Ta sake cewa, a hankali, ba kuka, "Kashe. Ya zo ya nuna mana, mun ƙi yarda, yanzu ya tafi. Gulzar, ɗan'uwana, ka gaya wa liman. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida."

Fazal ya ce, "Zobe ne! Zoben da na naɗa ne ya shafe shi, ba wani abu ba, ki tambayi mai gyara!" Ta dube shi da tausayi, irin duban da ake yi wa mara lafiya, ta ce wa matata ta kama ta ta zauna.

Bayan sallar Juma'a aka shimfiɗa tabarmin. Gidan makoki ba a hura wuta, maƙwabta ke kawowa, don haka matata ta dafa shinkafa da miyar wake ta kai. Ta dawo tana kuka ta ce min Rasulan ta ci. Ta ci loma bayan loma a tsakiyar mata, hawaye na zuba cikin kwanon, har ta nemi ruwa. Ta rayu, ta yi shekaru bayan haka, ta goyi 'ya'yan Kausar.

Fazal ya zauna a waje a kan tabarma, mutanen unguwa da na masana'anta suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zauna ya ce a yi Fatiha. Yana ɗaga hannu in sun ɗaga, yana shafawa in sun shafa. Da jama'a suka ɗan tsagaita na matsa kusa da shi na ce, "Ta ci abinci, Fazal. Abin da kake nema ke nan." Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana duban yatsunsa, sannan ya ce, "Gulzar, waya mai kyau na sa. Da ta banza na sa, da ta ƙone kafin ta kai gare shi."